Tsakanin Siwa da Inna: Tarke a Kan Uwar da Adabinmu Ya Kauce wa Kallo

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, malaminmu na darasin fassara ya ba mu wani guntun bayani mu mayar da shi Hausa. Bayanin yana magana ne a kan abubuwan bautar ƙabilun Silaf na zamanin da ya shuɗe, wato kakannin mutanen Rasha da Folan da Sulobeniya da maƙwabtansu. A cikinsu akwai wata mai suna Siwa, wadda aka ce ita ke riƙe da rai, kuma nata ne lokacin nan da ƙanƙara ke narkewa, itatuwa su yi toho bayan dogon sanyi. Na buɗe ƙamus ina neman sunan wannan lokaci, ƙamus ya ce bazara. Na rubuta "allahiyar rai da bazara", na miƙa, na sami maki mai kyau. Da na zo hutu gida Kinkinau, wata rana cikin watan Afrilu, an ɗauke wuta, muna zaune a tsakar gida kowa da maficinsa, sai na ɗauko takardar ina karanta wa kakata don in burge ta. Ta bari na kai aya, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, wace irin uwa ce za ta zaɓi bazara ta ce tata ce? In dai haka ne, wannan ba ta ƙaunar 'ya'yanta."

Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta zauna mini. Bazara a wurin Bahaushe ita ce wutsiyar rani, lokacin da rijiya ke ja da baya, dabba ta rame, sanƙarau da ƙyanda su shigo gari, hadari ya haɗu ya watse, gobe ya sake haɗuwa ya watse. Idan akwai abin da ya yi kusa da farin cikin Bature sa'ad da ƙanƙara ta narke, to shi ne ranar da aka yi ruwan shuka. Wannan kuwa yini guda ne, kuma a bayansa akwai marka, lokacin da gona ta yi kore shar alhali hatsin bara ya ƙare a rumbu. Ashe fassarata ta bi ƙamus ta saɓa wa ƙasa.

Wannan kuskure ne ya ja ni ga tambayar da na gina tarken nan a kanta. Kowace al'umma mai noma ta taɓa ba wa dawowar rai fuska da suna kafin saƙon tauhidi ya iso mata. Yaya adabin Silaf ya yi da tasa, yaya kuma namu ya yi da tamu? Ina yin wannan tambaya a matsayin Musulma da ta san cewa rayarwa da kashewa na Allah ne Shi kaɗai. Nazarin abin da kakanni suka bauta wa daban, bauta masa daban, kamar yadda malamai ke karantar da waƙoƙin Jahiliyya a zaure ba tare da imanin kowa ya girgiza ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar abin da aka sani game da Siwa. Tsohuwar shaidar da ake da ita ta fito ne daga alƙalamin wani limamin Kirista Bajamushe mai suna Helmold, wanda ya rubuta tarihin ƙabilun Silaf wajen shekarar 1170. Ya ambaci sunanta a cikin jerin gumaka uku, ya ce ita ce abar bautar ƙabilar Polabawa, ya wuce. Bai faɗi kamanninta ba, bai faɗi aikinta ba. Waɗanda suka zo daga baya ne suka lura cewa sunan ya yi kama da kalmar "rai" a harsunan Silaf, sai suka ɗora gini a kan wannan kamanni. A ƙarni na 15 marubucin tarihin Folan, Jan Długosz, ya jero wasu gumakan ƙasarsa, ya ɗaura wa kusan kowanne takwara daga gumakan Rumawa, ya kuma sa wani mai suna Żywie a matsayin gunkin rai. Bayan ɗaruruwan shekaru manazarci Aleksander Brückner ya tarke wannan jeri, ya ce da yawa daga cikin sunayen amshin waƙoƙin biki ne kawai aka ɗauka aka naɗa musu rawani. Har yau ana jayayya a kan hukuncin nasa, amma ya isa ya nuna cewa allahiyar nan mai furanni a kai da ake zanawa a littattafan yara, rabinta ko fiye aikin marubuta ne.

Babu wanda ya yi wannan aiki da ƙwarewa kamar France Prešeren, mawaƙin Sulobeniya wanda wani baitinsa ne taken ƙasar a yau. A 1836 ya fitar da doguwar waƙarsa mai suna Krst pri Savici, wato baftisma a bakin ruwan Savica. Labarin ya faru ne a ƙarni na 8, lokacin da ake shigar da mutanen yankin addinin Kirista da kaifin takobi. Tauraron, Črtomir, shi ne jagoran masu riƙe da addinin gargajiya. An karkashe mutanensa a yaƙi, shi kaɗai ya tsira. Abin da ya rage masa a duniya shi ne masoyiyarsa Bogomila, mai hidimar ɗakin bautar Siwa, wadda waƙar ke kira Živa, a wani tsibiri da ke tsakiyar tafkin Bled. Da ya same ta sai ya tarar ta riga ta karɓi sabon addini, har ta yi bakance cewa in ya tsira da ransa ba za ta yi aure ba. Ita ce ta lallashe shi ya miƙa wuya aka yi masa baftisma, suka rabu.

Waƙa ce mai taɓa zuciya, kuma ban yi mamakin yadda 'yan ƙasar suka riƙe ta ba. Sai dai in an cire tausayin masoyan biyu aka dubi allahiyar ita kanta, za a ga kusan babu kowa a wurin. Prešeren ya mayar da ita uwar soyayya, mai taushi, ba ta fushi, ba ta ramuwa. An rushe addininta, mai hidimarta ta bar ta, ba ta ko motsa ba. A ganina da gangan ya yi haka, domin a tsibirin nan yanzu majami'ar Maryama ce ke tsaye, kuma mawaƙin yana son sauyin ya zama kamar an sauke hoton wata mace mai tausayi an rataya na wata. Wannan ya sauƙaƙa wa mai karatu haɗiye labarin, amma ya rage masa gaskiya. Manomin da rayuwarsa ta rataya a kan sama bai taɓa bauta wa abin da ba ya tsoro ba. Al'adar Folan ma ta fi waƙar riƙe wannan gaskiya: har yau, ranar 21 ga Maris, yara kan yi mutum-mutumin wata da ake kira Marzanna, alamar sanyi da mutuwa, su ƙone ta ko su jefa ta kogi kafin su yi maraba da sabon toho. A nan an yarda cewa mutuwa tana cikin lissafi, sai dai an raba aikin gida biyu, mai kashewa daban, mai rayarwa daban.

Da na juyo gida, wurin da kowane ɗalibi zai fara dubawa shi ne Tarihin Kano, littafin nan na Larabci da aka kammala a ƙarshen ƙarni na 19, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. Marubucinsa, kamar Helmold, mutumin sabon addini ne yana ba da labarin tsoho, amma ya fi Helmold adalci nesa ba kusa ba. Ya nuna mana Barbushe a kan Dala, ƙaƙƙarfan maharbi, wanda ba ya saukowa sai kwana biyu a shekara. Ya nuna mana itacen da aka kewaye da katanga, inda Tsumburbura take, wanda ba mai shiga sai shi. Jama'a su kawo baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru, shi kuma ya shiga cikin dare ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. Daga cikin abin da ya faɗa har da zuwan wani baƙo da runduna wanda zai mallake su. Dabarar nan ita ce dai dabarar Prešeren: a sa bawan tsohon addini ya yi shelar ƙarewarsa da bakinsa, Barbushe a nan, Bogomila a can. Bambancin shi ne marubucin Kano bai yi gaggawar rufe labarin ba. Ya faɗa mana cewa a zamanin Sarki Yaji, da Wangarawa suka zo, a gindin itacen aka gina masallaci. Cewa Kanajeji ya koma wa tsafin da yaƙi ya yi masa tsanani. Kuma sai a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya hau mulki a 1463, aka sare itacen. Kusan shekara ɗari ke nan masallaci da itace suna kallon juna. Ban san wani hoto a rubutaccen adabinmu da ya kai wannan bayyana yadda imani ke sauyawa a zuciyar al'umma ba, kuma marubucin ya ajiye shi ne kawai ya wuce, bai tsaya yi masa ado ba.

Duk da haka kuskure ne a ce Tsumburbura ce takwarar Siwa, ko da yake na ji ɗalibai 'yan'uwana suna faɗin haka. Littafin bai siffanta ta ba, bai ce ita ke kawo ruwa ko haihuwa ba. Tsafin gari ce, mai alaƙa da mulki da yaƙi. Wadda ke da gona da nono da ciki ba ta shiga Tarihin Kano ba sam, domin ba ta zauna a fada ba. Ita ce Inna, wadda ake kuma kira Uwargona ko Doguwa.

Kakata ta tashi ne a wani ƙauye a ƙasar Malumfashi, gidansu na Musulmi, maƙwabtansu Maguzawa. Ta ce kafin shuka maigidan Bamaguje yakan yi yanka a gona don Uwargona, kuma ko ɓarawon da ya fi kowa taurin kai ba ya taɓa damin da aka bar wa Inna tsaronsa, don an yi imani cikinsa zai kumbura. Abin da ta faɗa ya yi daidai da abin da Joseph Greenberg ya rubuta a littafinsa na 1946 bayan zamansa da Maguzawan ƙasar Kano. A fagen bori kuwa Inna takan zo a siffar Bafilatana mai nono, kuma akwai Doguwa fara akwai baƙa, kamar yadda Guy Nicolas ya tarar a ƙasar Maraɗi, Fremont Besmer kuma ya nazarci gidajen iskokin birnin Jangare a littafinsa na 1983. Wanda ya riga su duka, Manjo Tremearne, a littafinsa na 1914, ya tattara bayanai masu yawa, har daga Hausawan Tunis da Tarabulus, amma ciwon Długosz ya kama shi: da ya ga iska sai ya shiga neman mata dangi a cikin gumakan tsoffin al'ummun Gabas da bakin Bahar Rum, kamar ba za ta iya tsayuwa da ƙafarta ba.

A nan ne tunanin Bahaushen farko ya rabu da na waƙar Prešeren, har ma da na masu jefa Marzanna kogi. Bai raba aikin gida biyu ba. Wadda ke cika rumbu ita ce ke shanye ƙafa. Wadda ake roƙo ta ba da ciki ita ake zargi in ciki ya zube. Fara da baƙa suna ɗaya suke amsawa. Wanda ya san damina ba zai yi mamakin wannan ba, tun da ruwan da ya raya gero shi ne ke rushe ɗaki ya kawo sauro. Kuma sunan da aka zaɓa mata shi ne mafi kusa da zuciya a harshen, sunan da yaro ke kiran mahaifiyarsa ko yayarta da shi.

To, ina wannan uwa take a rubutaccen adabinmu? Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar mana da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Aljanu sun cika Ruwan Bagaja da kashi na biyu na Ganɗoki, amma aljanun Alfu Laila ne, masu ɗaukar mutum su keta duniya da shi cikin ƙiftawar ido. Abubakar Imam, wanda ya iya ɗauko tatsuniyar Jamus ya sa mata riga da hula a Magana Jari Ce har ta zama 'yar gida, bai leƙa gonar Bamagujen da ke bayan gari ba. Ba na ɗaukar wannan a matsayin gazawar basira. Wasu daga cikin marubutan nan 'ya'yan malamai ne, duk sun tashi a ƙasar da jihadi ya yaƙi bori, kuma aljani yana da mazauni a Alƙur'ani, don haka ambatonsa ba ya jawo zargi, iska kuwa sunanta kaɗai yana warin shirka. Na fahimci uzurinsu. Abin da ban fahimta ba shi ne yadda uzurin mutanen 1933 ya zama gadon da muke riƙe da shi har yau. A littattafan soyayya da finafinan Kano, bori wuri ne da muguwar kishiya ke zuwa, da jan ƙyalle da hayaƙi da dariyar ƙeta, a yi minti biyar a koma falo. Ba a taɓa tambayar me ya kai mace mai hankali, mai salla, ta durƙusa a gaban mai garaya bayan ta binne 'ya'ya uku ba. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi maganar bori a sake, kamar yadda take maganar aure da kasuwa, amma sai da baƙuwa ta zo ta tambaye ta.

Abin mamaki, wadda ta fi kowa fahimtar Inna a cikin marubutanmu ita ce wadda ta fi kowa yaƙarta. A daular Gobir, Inna sarauta ce ta mace daga gidan sarki, ita ce uwar 'yan bori, mata na kai mata kukansu, kuma sarautar ta ci gaba a Tsibiri bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808. Nana Asma'u 'yar Shehu ta san cewa wa'azi kaɗai ba zai cike gurbin wannan uwa ba. Da ta kafa 'Yan Taru, sai ta naɗa jajis, mata masu kai karatu ƙauyuka, ta ɗora musu malfa, wadda, kamar yadda Jean Boyd ta nuna a littafinta na 1989, alama ce da aka san Innar Gobir da ita. Matar ƙauye ta ga malfar da ta saba gani, amma abin da ke fitowa daga ƙarƙashinta waƙoƙin tauhidi ne da tsarki. Asma'u ta dubi abokiyar hamayyarta ido cikin ido, ta gane abin da mata ke nema a wurinta, ta ba su shi ta hanyar da shari'a ta yarda. Mu da muka zo bayanta mun gaji hukuncinta a kan bori, kallon nata ne ba mu gada ba.

Da a ce Inna ta mutu kamar Siwa, da shirun namu bai dame ni ba. Sai in ce gaba ta kai mu. Amma tana nan a bakin kowa, har da wanda bai taɓa jin garaya ba. Cutar da likitoci ke kira foliyo, mu shan inna muke ce mata, wato Inna ta sha ƙafar yaro ta bar masa fata da ƙashi. Da wannan suna ma'aikatan lafiya suka yi ta bin gidajen Kinkinau da Unguwar Mu'azu da Tudun Wada da akwatunan allurarsu na ɗigo, da shi aka yi sanarwa a rediyo, da shi limamai suka yi huɗuba. A 2003 wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin, Kano ba ta dawo ba sai a watan Yulin 2004. Ba Inna ce ta jawo wannan ba. Jita-jita ce cewa an sa wa maganin abin hana haihuwa, ga kuma rashin yarda da hukuma da Turawa mai dogon tarihi, kamar yadda Elisha Renne ta bayyana a littafinta na 2010 bayan bincikenta a Zariya. Amma a ƙarƙashin wannan akwai wata tambaya da tsofaffi ke yi a ɗaka, wadda takardun wayar da kai ba su amsa ba: in ciwon na iska ne, me ɗigo biyu zai yi masa? Sai ranar 25 ga Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka. Tsakanin waɗannan shekaru yara nawa suka rarrafa, kowace unguwa ta san nata.

Namu ɗan yayar mahaifiyata ne, sa'ana, tare aka yaye mu. Zazzaɓi ya kama shi yana shekara biyu, ya tashi ƙafar hagu ba ta ɗaukarsa. An kai shi asibiti, an yi masa rubutu, kuma na girma kafin in ji cewa wata tsohuwa a dangi ta sa an ajiye ƙwaryar nono a bayan ɗaki cikin dare, ba da sanin mahaifinsa ba. Mahaifiyarsa ba ta hana ba, ba ta kuma taɓa yin maganar ba. Ita ce duk gidanmu muke kira Inna. Shekara ashirin da wani abu ke nan tana jin ana kiranta da sunan da ake kiran abin da ya nakasa ɗanta, wani lokaci a cikin jimla ɗaya. Prešeren da layi guda na wani limami ya gina waƙar da al'umma ta ɗauka ta zama madubinta. Mu muna da wannan a tsakar gida, da mai ciwon da uwar da sunan, kuma ban ci karo da ƙagaggen labari ko waƙa ɗaya da ta zauna a kansa ba. Wanda zai rubuta shi ba ya bukatar ya yarda da iska ko da ƙwayar zarra, kamar yadda Asma'u ba ta yarda ba. Yana bukatar ya yarda cewa matar da ta ajiye ƙwaryar nan mutum ce, kuma tsoronta yana da tarihi.

Na koma kan tsohuwar takardar fassarata a daminar bara, na soke "bazara" na rubuta "ruwan shuka", na soke "allahiya" ban sami abin da zan sa a gurbinta ba. Gunkiya ta yi zagi, iska ta yi kusa da gida fiye da yadda Siwa ta cancanta, abar bauta kuwa ba ta nuna mace ce ba. Ina cikin wannan ruwa ya sauko, na farko mai ƙarfi a shekarar, wajen tsakiyar watan Mayu. Inna ta fito da gudu ta jawo keken ɗanta daga tsakar gida zuwa rumfa don kada ya jiƙe, ta koma ɗaki ta ɗauko ƙullin irin masara da kuɓewa da ta ajiye tun kaka, ta ce in ajiye biron nan in zo in riƙe mata fartanya.